Kwana uku cikin Gulbin Kaba: ina waya take kamawa?

 

Gabas da Tasawa, bisa hanyar Damagaram, akwai gari ana ce da shi Maijirgi. Na sha zuwa can, ban taɓa ganin jirgi ba. Muna kuma da Gulbin Kaba. Sunanshi gulbi, amma mutum yana ƙetare shi da rani ƙafarshi ba ta jiƙe ba. Mu nan jirginmu amalanke ne, ruwanmu rairayi. Cikin wannan gulbi na yi kwana uku a watan Oktoba, daga Kanambakashe zuwa Mayahi. Tambaya ɗaya ta kai ni: in mutum ya yi nisa cikin daji, wayar da ke aljihunshi tana iya kiran gida, ko ba ta iyawa?

Tambayar ba ta banza ba ce. Kusan kowane gida a ƙasar Tasawa da ta Mayahi yana da wani a daji. Wani ya bi bisashe arewa tun saukar damina. Wani yana kwana a gona mai nisa yana yankan hatsi. Wata ta tafi yankan kaba ita da ɗiyarta. Da can in mutum ya fita, an san sai ya komo, ba wanda ke jiran muryarshi. Yanzu kuwa in ya yi kwana biyu bai kira ba, uwarshi ta daina cin tuwo.

Tsofaffin Maijirgi sun san abin da jinkirin labari yake jawowa. A shekarar 1899 wasu kaftin biyu na sojan Faransa, Bule da Shanuwan, suka ratso ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa, suna kashe mutane. Wasiƙa ce ta kai labarin ɓarnarsu Faransa. A watan Afrilu aka ba da umurni a bi su a tsai da su. Kanar Kulob da aka aiko bai cim musu ba sai ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, kusa da Tasawa, kuma nan sojojin Bule suka harbe shi. Tsakanin umurnin da isowarshi kusan wata uku ne. Cikin watannin nan aka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Kaburburan kaftin ɗin biyu suna nan Maijirgi.

Wayar salula kuwa ta shigo Nijar a 2001. Da fari manyan birane kaɗai ke da ita. Masu shekaru suna tuna Celtel, wanda ya koma Zain, daga baya ya koma Airtel. Ga Moov, ga Zamani. Yau har mai kiwon awaki yana da tashi. Saƙon da ya yi wata uku bisa hanya a zamanin Kulob, yanzu kafin ka aje moɗa ya isa. Amma fa sai inda waya take kamawa.

Daga Tasawa na shiga motar kasuwa zuwa Kanambakashe. Can na samu wani magidanci mai amalanken shanu, za shi cikin gulbi ɗaukar kaba ya kai Mayahi. Ya ce ba miƙe zai tafi ba, sai ya bi tungaye yana tattara kaya. Na ce abin da nake so ke nan. Muka shirya.

Kafin mu tashi ya yi wani abu da ban kula da shi ba sai daga baya. Ya kira ƙanenshi, ɗan kabu-kabu, ya zaunar da shi gindin bedi. Ya ce, "Yau muna kwana tungar su Inna. Gobe muna kwana bakin rijiyar siminti ta burtali. Jibi da la'asar muna Mayahi, in Allah ya yarda. Kullum bayan isha'i ka duba wayarka. In dare biyu suka wuce ba ka ji ni ba, ka biyo sawu." Ƙanen ya ce, "To, Yaya." Sai magidancin ya kashe ƴar wayarshi, ya naɗe ta cikin leda, ya sa ta aljihun ciki.

Na yi dariya. Na ce, "Malam, waya a kashe ai dutse ce." Ya ce, "Mushe, bari dai mu shiga." Tawa babba ce, mai hoto, cike da caji. Na bar ta a kunne.

Abin da magidancin nan ya yi, haka masu hankali ke yi ko'ina. A ƙasar Kanada akwai tafkuna da dazuzzuka masu yawa, inda mutane ke shiga kwale-kwale su yi kwanaki ba gari, ba waya. Kafin su tashi sukan bar takarda gida: ga hanyar da za mu bi, ga inda za mu kwana, ga ranar komowa. In ranar ta wuce, a fita nemansu. Shi bai san Kanada ba, amma dabarar ɗaya ce.

Gulbin Kaba daga Najeriya ya shigo. Ya ratsa ƙasar Gazawa da ta Tasawa ya yi arewa, sannan ya karkata yamma ya bi ta Kanambakashe da Mayahi, daga ƙarshe ya koma Najeriya. Ruwa ba ya gudu cikinshi kamar Gulbin Maraɗi. In damina ta yi kyau, sai tafkuna nan da can. Arzikinshi goruba ce da kaba. Da kaba ake saƙa tabarma, a tuƙa igiya, a yi faifai. Mata da yawa daga nan suke samun kuɗin gishiri da na sabulu. Muna tafe, dama da hagu kaba ce, ga gawo ya fara sabon ganye, ga gonakin dawa da wake sun matso har bakin hanya. Gonakin sun ci gulbin ƙwarai, wannan kowa ya gani.

Da muka bar gari wayata tana da sanda huɗu. Kafin azahar ta koma biyu. Da muka gangara tsakiyar kwari sai ba ko ɗaya.

Da la'asar muka isa tungar. Wata tsohuwa tana zaune bakin bukka tana saƙa. Na gaishe ta, na ce, "Inna, waya tana kamawa nan?" Ta ce, "Ɗana, nan ba ta kamawa. Sai ka hau can." Ta nuna mini wani tudun rairayi da aduwa guda bisa kanshi. Ta ce duk mai son jin muryar ɗanshi da ke ci-rani, can yake zuwa. Har igiya suka ɗaura ga reshen aduwar. Sukan rataye waya, su zauna ƙarƙashi suna jiran ta yi kuka. Na hau. Gaskiyarta: sanda ɗaya ta fito, wani lokaci biyu.

Ga dalilin. Waya ba ita kaɗai take magana ba. Sai ta haɗu da dogon ƙarfen nan da kamfani ke kafawa a gari, wanda ake kira anten. Shi ke karɓar magana ya miƙa ta gaba. Wannan haɗuwa ita ce rezo. Ko fili ne fetal, ƙarfen ba ya jin ƙaramar waya in ta wuce kilomita 35, kuma sau da yawa ba a kai rabin haka rezo ya mutu. In tudu ya shiga tsakaninku, ya tare. Kwari rami ne. Shi ya sa mutum biyu, nisansu ɗaya da gari, na bisa tudu yana magana, na cikin kwari yana girgiza waya a banza. Kowane kamfani kuma da inda ya kafa ƙarfenshi. Inda wannan ya kama, wancan ba ya kamawa. Can kudu, wajen Korgom da Hawan Dawaki, wani lokaci rezon Najeriya ne ke shigowa.

A tungar akwai yaro mai pano, wato allon nan mai shan rana ya ba da wuta. Yana yi wa mutane caji dala goma. Na ce gobe na ba shi tawa. Da safe sauri ya hana. Ku riƙe wannan, za mu komo kanshi.

Rana ta biyu muka bar kwari muka ɗan yi arewa, muka faɗa burtali. An kafa mishi duwatsun siminti dama da hagu don kada gona ta cinye shi. Wajen la'asar muka isa rijiyar. Muka tarar da Fulani gida uku sun sauka da shanu da tumaki. Daga arewa suka gangaro. Babbansu dattijo ne mai farin gemu. Muka gaisa, aka kawo mana nono.

Na ce, "Baffa, me kuke jira nan?" Ya ce sakin gonaki. Kun sani, kowace shekara hukuma ce ke faɗin ranar da aka saki gonaki, bayan manoma sun kwashe amfaninsu. Kafin ranar, wanda bisarshi ta shiga gona shi ke da laifi, sai ya biya ɓarna. Dattijon ya ce da can garso suke turawa, wato mai duba hanya. Ya hau raƙumi ko ya tafi da ƙafa, ya yi kwanaki, ya dubo ciyawa da ruwa da gonaki, sannan ya komo da labari. Yanzu ma garso yana tafiya, amma ba sai ya komo ba. Ya hau tudu ya kira: kaza an yanke, kaza ba a yanke ba, tafkin kaza ya ƙafe, kada ku biyo nan. Ya nuna mini wayarshi mai pis biyu, na kamfani biyu. Ya ce ranar kasuwa suke ba da caji, su kuma tambayi kuɗin bisashe kafin su kora rago su kai.

Sai ya ƙara wata magana. Ya ce, "Amma waya ba ta tantance gaskiya da ƙarya. Yaro ya ga saniya ɗaya bakin gona, ya kira gari ya ce Fulani sun cinye gonaki. Kafin a zo a duba, samari sun ɗauko sanduna." Na yi shiru. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda rikicin gona da kiwo ya ci mutum fiye da ɗari a 1991. Lokacin ba salula. Ni a ganina, wanda ya samu irin wannan kira, mai gari ya kamata ya fara kira, ko ardo, ko ƴan kwamitin ƙasa da ake ce wa Kofo. Ba abokanshi ba.

Cikin samarinsu akwai wanda ya taɓa zuwa haƙar zinariya Jado, inda mutane suka ruga tun 2014. Ya ce can hamada ba ƙarfe ko ɗaya. Direbobi suna riƙe wata waya ana ce da ita Thuraya. Ita ba ta neman ƙarfe, da tauraron ɗan'adam take magana, sai dai a tsaya fili inda ba rufi. Tana da tsada, ita da kuɗin kiranta, ba ta talaka ba ce. Amma mai niyyar shiga motar hamada, ya kamata ya tambaya ko direba yana da ita. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Mutum 92 ƙishirwa ta kashe, yawancinsu mata da yara.

Muna cikin wannan hira rana ta faɗi. Na ciro wayata in duba lokaci. Ta mutu. Kwana biyu tana neman rezo, kuma ba abin da ke shan batir kamar wannan nema. Wayar da ba ta samu ƙarfe ba ƙara ƙarfi take yi tana kira, kamar ɗan maraƙin da ya ɓace wa uwarshi. Ga zafin rana, ga hotunan goruba da na yi ta ɗauka. Mai amalanke ya dube ni, bai ce komi ba. Da ma ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Bayan magariba kaɗan muka ji ihu wajen tumaki. Jikan dattijon ne, yaro ɗan shekara kamar goma. Ya je kora tumaki ba takalmi, maciji ya sare shi a ƙafa. Aka haska tocila, aka ga kububuwa tana shiga cikin kaba. Kaka lokacinta ne.

Wuri ya ruɗe. Uwar yaron tana kuka. Wani ya ciro aska zai tsaga wurin, wani ya kawo igiya zai ɗaure ƙafar tam. Na roƙe su su bari. Ma'aikatan lafiya sun sha faɗi: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa ƙara zubar jini ce. A kwantar da mutum, kada ya taka ƙafar, a kai shi likita da sauri. Dattijon ya ce a ji maganar Mushe. Amma likita tana nesa, amalanken shanu kuwa kun san tafiyarshi.

Dattijon ya ciro wayarshi. Pis na fari ba rezo, na biyu ba rezo. Rijiyar cikin gangare take. Sai mai amalanke ya zaro ledarshi ya ce, "Baffa, ku ɗaura shanu, ku sa yaro bisa amalanke, ku kama burtali ku yi kudu. Ina zuwa." Ya ruga cikin duhu wajen wani tudu da ya sani. Ni na zauna bisa amalanke na riƙe ƙafar yaron don kada ta motsa.

Daga baya ya ba ni labarin abin da ya faru bisa tudun. Da ya kunna waya, batir cike, sanda ɗaya tana zuwa tana ɓacewa. Ya kira ƙanenshi. Ta shiga ta katse. Ya sake, ƙanen ya ɗauka, amma ba wanda ke jin wani. Sau huɗu haka. Sai ya tuna abin da malaminsu na yaƙi da jahilci ya koya musu. Rani biyu ya yi yana zuwa aji. Ya zauna bisa rairayi, hannu yana rawa, ya rubuta harafi ɗaya ɗaya: maciji ya sari yaro, muna burtali kudu da rijiya, zo da babur yanzu. Ya tura. Ya ɗaga wayar sama kamar mai ba raƙumi ciyawa. Can sai ta nuna saƙo ya tafi.

Ku lura da wannan, ƴan'uwa. Magana tana son rezo mai ƙarfi, wanda ba ya yankewa tun daga sallama har ban kwana. Rubutaccen saƙo kuwa ɗan mitsitsi ne. Ƙyaftawar ido ta ishe shi ya wuce. In wayar wanda aka aika wa a kashe take, saƙon yana jira har ya kunna. Kuma ba a cewa "ban ji da kyau ba". Sunan rijiya yana nan rubuce, a karanta sau goma. An taɓa gwada koyar da manya karatu tare da wayar salula a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, a 2009 da 2010. Aka tarar waɗanda suka koya da waya sun fi sauran riƙe karatunsu, don kullum suna da abin rubutawa da wanda za su rubuta wa.

Ƙanen kuwa yana zaune da waya a hannu, don an yi isha'i, kuma haka suka shirya. Bai tsaya tambayar wace rijiya ba. An gaya mishi tun gindin bedi.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa, shanu suna nishi, yaron yana rawar ɗari, ƙafa ta kumbura har ƙwauri. Dattijon yana tafe gefen amalanke yana jan carbi. Mai amalanke ya cim mana yana haki. Ba wanda ke magana. Ni dai ina ta tunanin dala goman da ban ba yaro mai pano ba. Can sai muka hangi fitila guda tana tsalle cikin kaba, tana ɓacewa, tana fitowa. Babur ne. Aka ɗora yaron tsakiya, kawunshi ya hau baya ya rungume shi, suka nufi Mayahi. Uwar ta bi su da gudu har ta gaji, ta zauna ƙasa.

Mu muka koma rijiya. Daren nan ba wanda ya yi barci. Da asuba dattijon da mai amalanke suka hau tudun tare, Bafillace da Bahaushe, kowa da wayarshi a sama. Suka sauko da labari: an isa, an yi wa yaro allurar dafin maciji, an kwantar da shi. Dattijon ya sa aka kamo ɗan rago ya ce na mai amalanke ne. Shi ya ƙi. Aka yi ta ja, har dai aka ɗaure ragon bayan amalanke.

Ran na uku muka loda kaba muka gangara. Tun ba mu ga gidajen Mayahi ba muka hangi dogon ƙarfenta. Mai amalanke ya kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa. Na kai tawa caji bakin tasha. Tana kunnuwa na ga maiɗakina ta kira sau tara. Ban gaya mata inda zan kwana ba, ban kuma ce mata akwai inda waya ba ta kamawa ba. Abin da ta faɗa mini ba na jarida ba ne.

Na leƙa yaron kafin in shiga mota. Yana barci, ƙafar tana nan a kumbure, kawunshi yana yi mishi fifita. Na bar wa mai amalanke lambata na koma Tasawa.

Bayan kwana biyar, ina zaune bayan isha'i, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga mai amalanke. Ƴar wayarshi ba ta da harufanmu masu ƙugiya, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, sai mai karatu ya ƙarasa da kanshi. Ga abin da ya rubuta: "Mushe yaro ya tashi. Kafa ta sabe. Yana shan fura. An saki gonaki su Baffa sun wuce kudu. Rago yana gaishe ka."